Gaba Guda Tsakanin Mota Da Keke: Hanyar Maraɗi Zuwa Damagaram

Hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta nufi Damagaram yanki ce ta babbar hanyar ƙasa mai lamba 1. Daga Yamai take fitowa. Ta bi ta Doso, da Dogon Dutsi, da Birnin Ƙonni, da Madawa, ta iso Maraɗi. Daga nan ta miƙe gabas har Difa da Ngigmi. Tsakanin Maraɗi da Damagaram kamar kilomita 240 ne. Garuruwan da ke bisa hanyar su ne Cadawa, da Agye, da Gazawa, da Tasawa, da Takeita.

Hanya ce ta kowa da kowa. Manyan motocin kaya suna bin ta dare da rana. Tun shekarar 2011, da aka buɗe matatar mai a arewacin Damagaram, tankokin mai ma suna bin ta. Ga motocin fasinja, ga babura, ga amalanke, ga jakuna, ga garken shanu. Can gefe kuma, daf da bakin kwalta, ga mai keke. Shi ne ƙarami cikin masu tafiya bisa taya. Ba shi da ƙarfe kewaye da shi. In an taɓa shi, jikinsa aka taɓa.

Wannan tafiya tana da tambaya guda. In mota za ta wuce mai keke, fili nawa ya kamata direba ya bar masa?

DAGA MARAƊI ZUWA CADAWA

Litinin da Juma'a ne kasuwar Maraɗi ke ci sosai. Tun da asuba masu kekuna ke fitowa daga ƙauyuka. Wani ya ɗaura buhun gero a bayan keke. Wani ya ɗauko wake ko aya, don ƙasar Cadawa da Agye ƙasar aya ce. Wani itace ne, wani harawa, wani kaji cikin akurki. Da la'asar sai su juya gida da gishiri, da sabulu, da kanwa, da ɗan atamfar yara. A ranakun karatu kuma akwai ƴan lakwal, wani lokaci biyu bisa keke guda.

Keken nan ba abin wasa ba ne a gidan manomi. Wani sai da ya sai da akuya ko tunkiya kafin ya saye shi. Shi ne jakin da ba ya cin dusa. Da shi ake zuwa gona mai nisa. Da shi ake kai marar lafiya gidan likita. In ya karye, gida ya yi hasara. In mai shi ya karye a farkon damina, gona ta kwana ba noma, rumbu kuma ya kwana ba hatsi.

Wanda ya zauna gaban mota ya lura, zai ga abu guda. Mai keke ba ya tafiya miƙe sak kamar igiya. Yana ɗan karkata dama, yana ɗan karkata hagu. Ba ganganci ba ne. Haka keke yake, da wannan karkatar yake tsayuwa bisa tayarsa biyu. In kaya sun yi nauyi a baya, kan keke yakan yi sakayau, karkatar ta ƙaru. In ana hawan tudu ma haka.

Ban da wannan, bakin kwalta ba shi da kyau kamar tsakiyarta. Iska tana tara rairayi a wurin. Ruwan damina yana cin gefen, ya bar gaɓa tsakanin kwalta da ƙasa. Akwai ramuka, akwai ƙaya, akwai fasassun kwalabe. Direba yana can bisa, ba ya ganin ƙaramin rami. Mai keke yana ganinsa, kuma dole ya kauce masa. Da ya kauce, ya shigo cikin hanya da kamu ɗaya ko biyu. In mota ta zo ta manne masa a wannan lokaci, shi ke nan.

AGYE: AWON DA MANOMI YA SANI

Bayan Cadawa, inda hanyar Mayahi ta rabu ta yi arewa, sai gonaki hagu da dama har Agye, kamar kilomita 80 daga Maraɗi. Gawo ya yi yawa cikin gonakin nan, domin manoma sun koma barin ƴan itatuwa suna tofowa maimakon a sare su. Hanya a nan tana da wurare miƙaƙƙu. A irin waɗannan wurare ne direba ke sakin mota.

Ƙasashe da yawa sun zauna sun auna filin da ya kamata a bar wa mai keke, sun sa shi cikin doka. A Faransa, doka ta ce mita 1 cikin gari, mita 1 da rabi a bayan gari. Dokar ba ta tsaya ga keke kaɗai ba. Ta haɗa da mai tafiya ƙasa, da mahayin doki, da dabba, da amalanken da dabba ke ja. A Jamus, tun shekarar 2020, mita 1 da rabi ne cikin gari, mita 2 a bayan gari. A Ingila, tun shekarar 2022, littafin ƙa'idar hanya ya ce a bar mita 1 da rabi in gudun mota bai wuce kamar kilomita 48 a awa ba. In ya wuce haka, a ƙara fili. Mai doki kuwa a bar masa mita 2, a wuce shi sannu.

To, manomi ba ya yawo da abin awon mita. Amma yana da awonsa tun kaka da kakanni. Kowa ya san yadda ake auna zurfin rijiya da tsawon igiyar guga. Mutum ya buɗe hannuwansa biyu, daga yatsan wannan zuwa yatsan wancan, shi ne gaba guda. In babban mutum ne ya auna, gaba guda ya ɗara mita 1 da rabi kaɗan. Kamu uku ke nan da ɗan ƙari, ko taki biyu masu kyau.

Ashe amsar tambayar ba ta da wuyar riƙewa. A bayan gari, gaba guda tsakanin jikin mota da mai keke. Kuma ba daga tayar keke ake fara awon ba. Daga ƙarshen kayan da ya ɗauko ake farawa. In buhu ya fito gefe, daga bakin buhun. In kara ne a gicciye, daga tsinin karan.

LISSAFI BISA KWALTA

Wanda ya koyi lissafi a makarantar yaƙi da jahilci yana iya yin wannan da kansa, ko da bisa rairayi.

A ɗauka faɗin kwalta mita 7 ne. Hanyoyi irin wannan ba su cika wuce haka ba, wasu ma ba su kai ba. Rabin hanya, wato hannun kowane direba, mita 3 da rabi ke nan.

Mai keke da buhunsa ya ci mita 1. Filin da za a bar masa mita 1 da rabi. Faɗin babbar mota mita 2 da rabi. A haɗa: 1, da 1 da rabi, da 2 da rabi, ya zama mita 5.

Mita 5 ba ta shiga cikin mita 3 da rabi. Saboda haka babbar mota ba ta iya wuce mai keke da kyau tana cikin hannunta. Dole ta shiga hannun masu tahowa. Ƙaramar mota ma haka, don faɗinta ya kusa mita 2.

Yanzu a ce wata babbar mota tana tahowa daga gaba. Ita ma mita 2 da rabi. A ƙara bisa 5, ya zama mita 7 da rabi. Hanya kuwa mita 7 ce. Ba su shiga su uku. Ko da sun goga juna, ba su shiga.

Nan ne mafi yawan hatsari yake. Direba ya ga mai keke gabansa, ya ga mota tana tahowa, ba ya son taka birki. Sai ya danna oda ya kutsa. Filin da ya rasa, daga wajen wa zai ɗebo shi? Ba daga wajen babbar mota ƴar uwarsa ba, don yana tsoronta. Daga wajen mai keke yake ɗebowa.

Abin da ya kamata shi ne ya rage gudu, ya bi bayan keken, ya bar mai tahowa ta wuce. Sannan ya duba madubi, ya sa sigina, ya fita hagu sosai, ya wuce. Oda tana sanar da mutum cewa mota na tafe. Amma oda ba ta ƙara wa hanya faɗi. In an danna ta daf da kunnen mai keke, firgita shi take yi, ya waiwayo, kan keke ya bi idonsa zuwa cikin hanya. Daga nesa ake yin ta, sau ɗaya.

Direbobi sukan ce jira yana ɓata lokaci. A yi wannan lissafin ma. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 cikin sakan guda. Mita 200 sakan 8 ne gare ta. Keke mai gudun kilomita 15 a awa yana cin mita 200 cikin sakan 48. In direba ya bi bayan keke har mita 200, sakan 40 ya rasa. In ya yi haka sau 10 tsakanin Maraɗi da Damagaram, bai rasa minti 7 cikakku ba. Shan shayi guda a tasha ya fi haka daɗewa.

GAZAWA DA TASAWA: ISKAR BABBAR MOTA

Wajen Gazawa da Tasawa ne ƙasar Gulbin Kaba take. Goriba ta yi yawa a kwarin. Daga kabarta ake saƙa tabarmi da igiya da faifai. Masu kekuna a nan sukan ɗauko damin kaba ko naɗin tabarmi. Kaya ne marasa nauyi, amma masu faɗi da tsawo. Iska tana kama su kamar yadda take kama zanen da aka shanya.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Babbar mota tana iya ka da mai keke ba tare da ta taɓa shi ba. In tana gudu, gabanta yana tura iska gefe. Iskar nan ta bugi mai keke, ta tura shi waje. Shi kuma sai ya karkato ciki don kada ya faɗi. Kafin ya daidaita, jikin motar ya iso, iska ta juya tana janyo shi wajen tayoyi. Turawa da janyowa duk cikin ƙiftawar ido suke faruwa. Iyakar gudun mota da kusancinta, iyakar ƙarfin iskar. Shi ya sa gaba guda mafi ƙaranci ne. Tirela da tankar mai da doguwar motar fasinja, in sun bar mita 2 ya fi.

Tirela tana da wata matsala kuma. Kanta yana iya wuce mai keke lafiya, amma wutsiyarta tana nan baya da mita 10 ko fiye. In direba ya yi saurin komawa hannunsa, tayoyin baya su ne ke share mai keke. Ƙa'ida ita ce, kada ya koma dama sai ya ga keken duka cikin madubinsa.

Tasawa tsohon gari ne mai sarauta, kamar kilomita 120 daga Maraɗi, kusan rabin tafiya. Hanya ta ratsa cikin gari. Ga masu tuya, ga masu rake, ga yara masu talla suna bin motoci. A cikin gari fili ya yi ƙaranci. Maganin ƙarancin fili shi ne rage gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa in mota ta buge mai tafiya ƙasa tana gudun kilomita 65 a awa, hatsarin mutuwarsa ya ninka sau 4 da rabi bisa wanda aka buge da gudun kilomita 50. Kilomita 15 kaɗai ne bambancin, amma tsakanin gidan likita da maƙabarta ne.

MAKIYAYA DA MASU AMALANKE

Bayan Tasawa, ƙasa takan ƙara buɗewa. Burtali yana ƙetare kwalta a wurare da dama. Da farkon damina dabbobi suna yin arewa, bayan kaka su komo kudu. Makiyayi ya san halin dabbarsa. Saniya in ta ji ƙara daf da ita, ba a san inda za ta zabura ba. Ɗan akuya yana bin uwarsa ko da mota na tafe. Jaki yana iya tsayawa cik tsakiyar hanya.

Awon da ya dace da keke ya dace da su. Gaba guda, da tafiya sannu, ba tare da oda ba. Akwai kuma abin da ke haɗa makiyayi da mai keke. In akuya ta faɗo hanya gaban keke, mai keke zai kauce cikin kwalta. Direban da ya hango dabbobi a gefe, ya hango keke kusa da su, ya san kaucewa na tafe. Tun daga nesa zai ɗaga ƙafa. Makiyayi kuma ya tara garkensa wuri guda kafin ƙetarewa, ya zaɓi wurin da ake hangen nesa, kada ya bar wa ƙaramin yaro wannan aiki shi kaɗai.

TAKEITA ZUWA DAMAGARAM

A Takeita hanyar Matamaye ta rabu ta yi kudu, wajen iyakar Najeriya. Motoci suna shiga suna fita. Daga nan saura kamar kilomita 50 a iso Damagaram, garin duwatsu, wanda shi ne babban birnin ƙasar Nijar kafin a mai da shi Yamai a shekarar 1926.

Alhamis ce babbar ranar kasuwar Damagaram. Mutanen ƙauyukan yamma suna nufo gari da safe, fuskarsu gabas. Rana tana fitowa cikin idonsu. Direban da ke bayansu shi ma rana tana cikin idonsa, gilashinsa kuma da ƙura. Da yamma su juya gida, fuskarsu yamma, rana ta sake shiga idon kowa. Sau biyu ke nan a yini guda mai keke yana gaban direban da ba ya gani sosai. Da hunturu ga hazo kuma. Bayan magariba, fitilar mota mai tahowa tana kashe ido, keke marar fitila ya ɓace cikin duhu. Wanda ba ya gani da nisa, bai kamata ya yi gudu da nisa ba.

Mai keke ma yana da nasa aikin. Ya bi hannun dama, yadda motoci ke tafiya. Kada ya fuskance su. In suna da yawa, su jeru ɗaya bayan ɗaya. Kaya masu tsawo a ɗaure su bisa tsawon keke, kada a gicciye su. A duba birki kafin a fita. Da dare a sa fitila gaba, da jan abu mai ƙyalli a baya, da farar riga. Kafin ya juya, ya waiwaya, ya miƙa hannu. Kada yaro ya kama bayan babbar mota don ta ja shi. In kuma mutum ya ga manyan motoci biyu za su haɗu daidai inda yake, ya sauka cikin rairayi ya tsaya. Gaskiya tana gare shi, amma gaskiya ba ta ɗora ƙashi.

Duk da haka, nauyi mafi girma yana wuyan mai ƙarfi. Mai keke in ya yi kuskure, kansa ya cuta. Direba in ya yi kuskure, wani ya cuta.

MAGANAR FASINJA

Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin rahotonta na shekarar 2023, ta ce mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa bisa hanyoyin duniya a shekara. Fiye da rabinsu masu tafiya ƙasa ne, da masu kekuna, da masu babura. Afirka tana da kashi 3 cikin 100 na motocin duniya, amma kusan kashi ɗaya cikin 5 na mamatan daga nan suke.

Manomi yana iya cewa shi ba direba ba ne, me ya shafe shi? Ya shafe shi ta hanya uku. Yau yana bisa keke. Gobe yana cikin mota, shi ne fasinja. Kuma direban nan da karen motarsa ƴaƴan ƙauye ne, suna da iyaye da ƙanne masu hawa keke.

Sau da yawa fasinja ne ke zuga direba, suna cewa ya taka, kasuwa za ta watse. Bakin da ya zuga yana iya hanawa. Dattijo yana iya cewa: "Yaro, sassauta, bar wa bawan Allah nan hanya." Tsara yana iya cewa: "Malam direba, don Allah a yi haƙuri har waccan ta wuce." In mutum uku cikin mota suka faɗi haka, direba zai ji. Uban da ɗansa ke koyon tuƙi ya buɗe hannuwansa biyu gabansa, ya nuna masa awon. A makarantun yaƙi da jahilci, a fita fili a zana faɗin hanya bisa ƙasa, a tsai da keke da buhunsa, kowa ya auna da hannunsa ya gani.

Daga Maraɗi zuwa Damagaram garuruwa ne da gonaki da kasuwanni, kuma kowane mai keke da aka wuce akwai masu jiransa a gida. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. A nan ba shekara ake nema ba. Sakan 40 ne, da gaba guda.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.